Kibiya Ta Nuna Abatuwa

Litinin, 15 ga Afrilu, 5:20 na yamma

Taransifomar unguwar Abatuwa ta sake ƙonewa da safe. Ta uku ke nan cikin wata biyu. Ban ko ajiye jakata ba Oga Fredrick, shugaban kamfaninmu, ya leƙo ofis, babu ko gaisuwa: "Sumayya, masu wuta sun kira. Kafin Friday suna so su san waye yana kashe musu taransifoma. Aikin da suka ɗauke mu ke nan, abeg, don Allah."

Na ce to. Kwana tara ke nan ban huta ba, har da Lahadi.

Mama ta ce in yi mata bayanin aikin nan da ke hana ni cin abinci, amma da Hausar mutane, ba ta injiniyoyi ba. Bari in rubuta yadda na faɗa mata, don na ga ta gane. Wutar lantarki kaɗawa take yi sau hamsin a kowace daƙiƙa, sumul. Wasu manyan injina idan sun sha wutar sai su mayar da wata ƙaramar karkarwa cikin waya. Mu datti muke ce mata. Dattin nan ne ke dafa taransifoma a hankali har ta mutu. Makon jiya muka kafa akwatuna uku a kan layin, ɗaya a nan Laranto, ɗaya a Farin Gada, ɗaya a Abatuwa. Duk ukun a lokaci guda cur suke auna wuta, domin kowanne yana karɓar agogonsa daga tauraron ɗan'adam ta wata 'yar farar eriya da ke kan rufi. In na haɗa abin da suka auna, kwamfuta sai ta zana kibiya ta nuna ɓangaren da dattin ke fitowa.

Mama ta ce, "Wato dai ke ce mai kama ɓarawo." Ta turo mini kwanon tuwo, ta ce in ci tun da zafinsa.

Fitilar akwatin Farin Gada a kwamfuta ta koma ruwan ɗorawa maimakon koriya. Tana yin haka wani lokaci idan akwai hadari. Zan duba gobe.

Laraba, 17 ga Afrilu, 3:05 na rana

Kibiya ta nuna Abatuwa, can ƙarshen layi. Sau huɗu na sake, sau huɗu ta nuna wuri ɗaya.

Na san ƙarshen layin nan kamar tsakar gidanmu. Shagunan masu gyaran waya ne, da 'yan gidaje, da mai niƙa ɗaya da injinsa bai kai ya kawo ba. Babban inji guda ne kawai a wurin, na ɗakin sanyin Firisila Bot.

Gida ɗaya iyayenmu suka yi haya, ƙofa na kallon ƙofa. Tare muka shiga firamare, ita ke rama mini duka saboda ni bakina ne kawai mai ƙarfi. Shekara shida da rasuwar mijinta, ita ta riƙe ɗakin sanyin da hannunta, ta riƙe 'ya'ya uku da shi. Mahauta sama da talatin ke rataye nama a wurinta. Duk babbar sallah naman layyarmu can yake kwana, har ƙugiya ta ware mini, ta rubuta sunana a jiki da shuɗin fenti, wai don kada injiniya ta ce an yi mata musaya.

Kaina na ciwo. Ban gaya wa Mama ba.

Juma'a, 19 ga Afrilu, 11:40 na safe

Na sa hannu a rahoton da ya ɗora laifi a kan injin Firisila.

Litinin, 22 ga Afrilu, 4:15 na yamma

Masu wuta sun je sun yanke wa Firisila wuta. An ce da tsani biyu suka je da ɗan sanda ɗaya, kamar za su kama 'yan fashi. Oga Fredrick ya ce masu wuta sun yaba da saurin aikinmu, ya sayo wa kowa lemo. Nawa yana nan a kan tebur ban buɗe ba.

Wayata ta yi ƙara sau biyar. Na kife ta.

Laraba, 24 ga Afrilu, 6:30 na yamma

Firisila ta zo gida. Na dawo na tarar da takalmanta a ƙofar ɗakin Mama, waɗannan na roba da take shiga ɗakin sanyi da su. Na tsaya a zaure na fi minti biyu kamar baƙuwa.

Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce, "Injiniya, ashe kina gari." Sannan ta ciro takarda daga jaka ta shimfiɗa a kan tabarma. "Sun ce inji na ne yana ƙone taransifoma. Na ce su nuna mini. Suka nuna mini wannan. Wannan ba hannun ki ba ne?"

Na ce hannuna ne.

"To," in ji ta. "Idan ke ne kin auna, ba zan yi gardama ba. Amma injin nan bara na sa shi, sabo fil. Ki sake duba mini, don Allah. Janareta ba ya iya ɗaukan shi, jiya mun gwada har ya yi hayaƙi."

Mahauta sun kwashe namansu sun raba a firjin mutane. Malam Ishaku, sarkin fawa, ya ce mata saboda mutuncin marigayi mijinta za su jira ta zuwa Litinin shida ga Mayu. In wuta ba ta dawo ba ranar, ƙungiya za ta ƙulla da wani ɗakin sanyi na tsallaken titi, na shekara guda, domin layya na tafe kuma ba za su shiga sallah ba su san inda za su rataye nama ba. Masu wuta kuwa sun ce ba za su mayar ba sai rahoton da ya sa aka yanke ya canza.

Na yi mata dogon bayani a kan na'ura, cewa ba ta san kowa ba, ba ta ƙarya. Na ji muryata irin ta Oga Fredrick. Mama kuwa tana ta tsintar shinkafar da ba ta da tsakuwa.

Da ta tafi Mama ta ce, "Ko ruwa ba ki raka ta da shi ba."

Juma'a, 26 ga Afrilu, 2:00 na rana

An sa sabuwar taransifoma shekaranjiya, aka cire ta aro da aka ɗora bayan waccan ta ƙone. Na buɗe kwamfuta in ga yadda datti ya ragu tunda an cire ɗakin sanyi daga layi. Bai ragu ba. Ko kaɗan.

Na kai wa Oga Fredrick. Ya ce wataƙila akwai wasu ƙananan injina a can, a ba shi lokaci. Ya ce, "Ki je gida ki huta, fuskan ki kamar wanda ya yi malaria."

Lahadi, 28 ga Afrilu, 4:50 na yamma

Ruwa tun azahar. Na gaji, kuma ban yi aikin komai ba.

Talata, 30 ga Afrilu, 5:45 na yamma

Na je Farin Gada. Ban san abin da ya kai ni ba sai dai zaman ofis ya ishe ni. Manyan motocin kabeji da karas sun tare hanya, mai keke ya sauke ni nesa, na taka cikin taɓo da ganyen da ya ruɓe har ƙaramar tashar wuta inda akwatinmu yake.

Baba Mwadkon mai gadi ya taso da murnarsa. Shekara ashirin da biyu yana gadin wurin, baɗi zai yi ritaya, kuma duk wanda ya shigo sai ya ji labarin gonar dankalinsa. Ya ce, "Madam Injiniya! Kin zo duba yaron ki? Yana nan lafiya, ko ƙwarzane babu."

Na ɗaga kai na dubi rufi. Babu eriya. A gurbinta wani tsohon daron ƙarfe ne a kife, an danne shi da dutse biyu.

Na ce, "Baba, mene ne wancan?"

"Ah, ƙanƙaran nan na ranan Alhamis bayan kun tafi, ba ki tuna ba? Ya fasa gilashin motoci, ya kashe mini dankali rabin gona. Ina jin shi a kan kwano na ce wayyo, abin Madam! Cikin ruwan nan na hau tsani, da tsufa na. Daron mata na ne ma, har yau tana mini surutu." Ya yi dariya. "Ba ke kin ce mini ba, Baba wannan farin abu shi ne idon aikin, kar komai ya taɓa shi?"

Ni na ce. Da bakina na ce, ranar da muka kafa, har ina nuna masa da yatsa.

Ƙarfe ba ya barin saƙon tauraro ya wuce. Tun ranar ƙanƙara akwatin nan bai sake jin agogon sama ba, da nasa na ciki yake ta lalube, yana zamewa kaɗan kaɗan. A wannan aikin, in agogo ya kauce da kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa, ya isa ya juya kibiya gaba ta koma baya.

Na hau tsanin da kaina, da atamfata da komai, 'yan dako suna kallo. Na sauke duwatsun, na miƙo masa daron. Na ce ya mayar wa matarsa kayanta, ya kuma yi mata godiya. Ya tambaya ko ya yi laifi. Na ce a'a, Baba, ba ka yi ba.

Na zauna a kan bencinsa na buɗe kwamfuta. Bayan minti ashirin fitila ta koma koriya. Kibiya ta juya, ta bar Abatuwa ta nuno nan Laranto, bayan tashar mota, inda aka buɗe wani wurin narka tsofaffin ƙarafa a watan Fabrairu. Na koma kan awon kwana ukun farko, kafin ƙanƙara, wanda ban taɓa buɗewa ba saboda sauri. Can ma Laranto ya nuna.

Baba ya kawo mini gasasshiyar masara. Na karɓa, na riƙe ta har gida.

Laraba, 1 ga Mayu, 9:10 na safe

Hutu ne yau. Na koma shafin farko na wannan littafi. Yana nan da rubutuna: zan duba gobe. Na kama shafin zan yage, sai na ga ko na yage na riga na karanta.

Kunya nake ji.

Alhamis, 2 ga Mayu, 1:30 na rana

Na rufe ƙofar ofishin Oga Fredrick na nuna masa komai. Ya daɗe yana kallon kibiyar. Ya ce, "Kin san wurin nan na waye?" Na ce ban sani ba. Bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Ya cire tabarau ya murza ido. "Saurara, Sumayya. Ƙarshen watan nan za su sabunta mana aiki. In mun je yanzu mun ce mun sa an yanke wa mata wuta a banza, we don finish, tamu ta ƙare. Mutum goma sha ɗaya ke ci a kamfanin nan. Hanya biyu ne. Ko mu yi shiru zuwa June mu kawo shi kamar sabon bincike, ko ki rubuta yau cewa mai gadi ya taɓa kayan aiki ba da izini ba. Wannan kam gobe za su mayar mata."

Na ce ai korar Baba za su yi, ba ko sisin sallama.

"To ki zaɓa." Ya mayar da tabarau. "Kuma ki tuna, da na ba ki aikin nan mutum nawa suka ce kar in ba mace?"

Akwai hanya ta uku, wato in amsa laifina, mu duka mun san da ita, babu wanda ya ambata. Na ce bari in yi tunani.

Juma'a, 3 ga Mayu, 3:20 na rana

Na buɗe sabon shafi na rubuta kwanan wata da sunana. Na rufe. Litinin da sauran kwana uku, akwai lokaci.

Asabar, 4 ga Mayu, 10:00 na safe

Masu wuta ba sa buɗe ofis ranar Asabar. Ko na rubuta ba wanda zai karanta.

Lahadi, 5 ga Mayu, 1:15 na rana

Na fita sayen gas, sai ga Firisila a bakin titi da yaranta, sun taso daga coci. Ta sa ɗankwalin nan mai ruwan goro da muka yi anko a bikin ƙanwarta. Na ja mayafi na sunkuyar da kai har keke ya wuce su. Mai keken ya tambaya ko ba ni da lafiya.

Mama ta sake cewa, "Kin je wajen Firisila?" Na ce gobe.

Litinin, 6 ga Mayu, 4:00 na yamma

Ban fita daga ofis ba. Na gyara durowa, na jera fayiloli bisa haruffa. Firisila ba ta kira ba.

Talata, 7 ga Mayu, 6:50 na yamma

Mama ta je Abatuwa jiya ba ta gaya mini ba. Da ƙafarta mai ciwo ta hau keke biyu. Ta ce ta tarar mahauta na fitar da sikeli da teburansu suna tsallaka titi da su, Malam Ishaku na tsaye yana ta ba Firisila haƙuri, ita kuma tana taya su ɗaure kaya.

"Ta ce in gaishe ki," in ji Mama. "Ta ce wai ta hango ki a keke ran Lahadi, kin rame. Ta ce ki rage aiki."

Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Da na fito na ɗauki kwamfuta na zauna a tsakar gida, kafin a kira magariba na gama. Shafi ɗaya da rabi ne kawai. Na rubuta cewa na ga fitilar gargaɗi ranar sha biyar ga Afrilu ban bincika ba, na kuma sa hannu a kan awon da bai inganta ba. Na rubuta cewa mai gadi umarnina ya bi. Na rubuta cewa injin Firisila Bot ba shi da laifin komai, na sa hoton kibiya inda take nunawa yanzu. Na tura wa Oga Fredrick da masu wuta a lokaci guda, don kada in sami damar yin tunani.

Abin da na kasa yi cikin mako guda, minti arba'in ya ci.

Laraba, 8 ga Mayu, 12:25 na rana

Oga Fredrick bai ɗaga murya ba. Ya ajiye mini takarda a kan tebur: an dakatar da ni daga Litinin, sai an gama bincike. Ya ce, "You for tell me first," wai da na fara gaya masa. Na ce na gaya masa ran Alhamis. Ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

Baba Mwadkon zai ci gaba da gadinsa. Wurin narka ƙarafa kuwa an ce za a kafa kwamiti. Za a mayar da wutar Firisila jibi.

Na yi zaton zan ji sauƙi. Barci kawai nake ji.

Juma'a, 10 ga Mayu, 5:35 na yamma

Na bi masu tsani zuwa Abatuwa, ba wanda ya gayyace ni. Aikin bai kai minti goma ba.

Ƙofar ɗakin sanyin a wangale take. Ta wanke shi tas, ƙasa na ƙyalli, sai warin sabulu inda na saba jin warin nama. Ƙugiyoyi jere a kan ƙarfe, layi huɗu, babu komai a jikinsu. Ta tsallaken titi ina hango mahautan da na sani suna shiga da cinyoyin shanu a kafaɗa. Ɗaya ya ɗago mini hannu.

Firisila ta tura makunnin. Injin ya ɗauka lafiya lau, sanyi ya fara saukowa a kanmu mu biyu.

Na ba ta labarin ƙanƙara da daro. Har ta yi 'yar dariya, ta ce, "Kai, Baban nan." Na gaya mata zancen fitila, da cewa na gani na bari. Ta gyaɗa kai. Ta ce mutum yana gajiya, ita ma ta taɓa barin ƙofan nan a buɗe har nama ya lalace. Na ji kamar an sauke mini kaya, har na fara cewa zan je wurin Malam Ishaku da kaina in yi masa bayani.

Sai ta ce, "Wane rana kin hau rufin?"

Da na ce shekaranjiya, da ta yarda. Ta yarda da sa hannuna ma ba ta yi gardama ba.

Na ce, "Talata. Talatin ga wata."

Ta dube ni. Sannan ta ɗaga hannu tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda take yi tun muna aji biyu. "Talata. Laraba. Alhamis. Juma'a. Asabar." Hannu ɗaya ya ƙare, ta ɗago ɗayan. "Lahadi, da kin rufe fuska a keke. Litinin."

Ba ta tambaye ni dalili ba, ni kuwa duk hanya dalilan nake ta shiryawa.

Ta kashe injin, ta ce ba amfani a sanyaya iska. Ta jawo kujera ta taka, ta bi layi na biyu har ƙarshe, ta zare ƙugiyar nan mai shuɗin fenti. Ta goge ta da gefen zaninta ta miƙo mini.

"Ki gai da Mama," in ji ta. "Ki ce mata ta daina hawan keke da ƙafan nan."

Ƙugiyar tana cikin jakata, har ta huda shafin ciki. Mama ta ji shigowata, tana tambaya daga ɗaki ko wutar ta dawo. Na ce ta dawo.